Gidan da Dogo Ya Auna da Jikinsa

Yayana Dogo bai taɓa yarda da tef ɗin awo ba. Cewa yake yi abin da ake naɗewa a jefa a aljihu ba zai gaya masa faɗin ɗakinsa ba, shi da Allah ya ba shi hannu da ƙafa. Da su ya auna gidansa kaf, tun daga harsashi har rufi, kuma ni shaida ce, don ni ce autarsu, a gabana aka yi komai.

Sunan nan Dogo ba tsokana ba ce. Mutum ne miƙaƙƙe kamar falwaya, ga shi siriri, in ya shigo taro kansa ake fara hangowa. Direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon kaya daga wannan gari zuwa wancan, sai a yi makonni ba a sa shi a ido ba. Duk dawowar da zai yi kuwa da abin da zai ƙara a filinsa, yau bulo, gobe kwano, jibi ƙyaure. In magini ya tambaye shi inda za a buɗe taga, sai ya jingina da bango, ya aza hannu daidai haɓarsa ya ce nan, kada masu wucewa su riƙa leƙa masa iyali. Matakalar shiga gida da takunsa ya auna ta. Sakata, makunnin fitila, kantar kicin, madubi, har igiyar shanya, duk inda hannunsa ya faɗa nan aka kafa su. Ƙofofin kuwa ya ce faɗi ɓarnar katako ne, tunda shi yana wucewa ba tare da kafaɗarsa ta taɓa ba.

To, matarsa gajera ce. Amarya muke ce mata tun ranar da ta shigo danginmu, har ta yi jikoki sunan bai sake ta ba. In ta tsaya kusa da shi, kanta da ƙyar yake kai ƙirjinsa. Da suka tare a gidan, sai kujeru 'yan tsugunno suka fara yawa, ɗaya a kicin, ɗaya a gindin igiyar shanya, ɗaya a ɗakin kwana. Matakalar waje da hannu a gwiwa take hawanta. Mu dai dariya muke yi, ita ma ta taya mu, ta ce ai hawa da sauka ne ya hana ta ƙiba.

Kada in ci amanarsa, gidan yana da ƙwari. Bai yi rowar siminti ba, bangon kauri gare shi, kuma da hannunsa ya dasa mangwaro a gefen da rana take faɗuwa. Da ya ajiye tuƙi, a gindin bishiyar nan suke yini shi da Amarya, yana ba ta labarin hanya wanda ta riga ta haddace, tana gyara masa inda ya ƙara gishiri. Ban taɓa ganin yayana cikin natsuwa irin ta waɗannan shekarun ba. Sai da ya tsufa ya samu zama da matarsa.

Wata safiya tana shara ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Rai ya tsira, alhamdu lillahi, harshe ya yi nauyi amma ana gane maganarta, sai dai tafiya ta gagara, aka ɗora ta a keken marasa lafiya. Likitoci suka ce za su riƙe ta 'yan makonni ana yi mata gashi da motsa jiki.

Babbar 'yarsu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, shi ya sa kowa a gida Nas yake ce mata. Halin ubanta ta kwaso kaf, har da ƙari. A barandar asibiti ta tsare shi, ina tsaye.

"Baba, in an sallami Umma da ita zan tafi. Ba za ta koma gidan nan ba."

"Saboda me?"

"Keke ba zai hau matakalarka ba. Ko ya hau, ba zai shiga ƙofa ba. Wa zai kai ta banɗaki?"

"Ni."

"Da wannan bayan naka da ake shafa wa magani kullum? Haba Baba. Ku faɗi tare, wa zai ɗaga wani?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi ciwo. Gidan Nas na haya ne, ɗaki ɗaya ne ya rage mata, ƙarami, kuma Dogo ya rantse ba zai je ya zauna a falon suruki yana jiran a miƙo masa abinci ba. Kowa a cikinmu ya san in motar nan ta tafi da Amarya, to an raba su ke nan, sai dai ziyara. Ni kaina na kasa cin abinci a ranar.

Washegari na je gidan na tarar da shi da magini, da wani mai saran itace riƙe da gatari. Wai zai sare mangwaron, ya rushe gaban gidan, ya gina wa Amarya sabon ɗaki a wurin, mai gilasai da tayil mai sheƙi da na'urar sanyaya ɗaki, don Nas ta gani ta yi shiru. Har ya fara taka ƙasa yana ƙirga taku.

Na ce, "Yaya, wallahi in gatarin nan ya taɓa bishiyar nan, ni da kai ne. Ka sake auna wani ɗakin da ƙafarka? Wancan awon wa ya amfana?"

Ya ce, "Auta, ba na son raini."

Na ce rainin ma sai ya jira. Na sallami mai gatari, na kira wata tsohuwar ɗalibata. Ni malamar firamare ce kafin in yi ritaya, yarinyar nan kuma a hannuna ta koyi riƙe fensir, yanzu ta zama mai zanen gine-gine. Injiniya ake kiranta, ta gaji da cewa ita ba injiniya ba ce, ta haƙura.

Na ɗauka za ta zo da takardu ta hau zane. Ina! Asibiti ta fara zuwa. Ta zauna da Amarya suka yi hira, ta tambaye ta me take so ta riƙa yi da kanta in ta koma gida. Amarya ta ce abu biyu, ta shiga banɗaki ba tare da kowa ba, ta kuma dafa wa kanta shayi. Injiniya ta auna inda hannunta na dama yake kaiwa daga zaune, sama da ƙasa da gefe, ta auna faɗin keken, ta kalli yadda take tura shi da hannu ɗaya tana ja da ƙafa ɗaya. Daga nan ta aro wani keken irinsa ta sa a bayan mota, muka nufi gida.

A bakin titi ta sauke shi ta ce, "Baba, bisimilla, zauna."

Dogo ya dube ta sama da ƙasa. "Ni? Lafiyata ƙalau."

"Na sani, Baba. Haka nake aiki. Ba na zana wa mai gida komai sai ya shiga gidansa yadda mai zama a ciki zai shiga. Ka sa hannun hagu a aljihu, ƙafar hagu ma ka manta da ita. Ka kai kanka gado, daga nan banɗaki, daga nan kicin."

Na san abin da ya zaunar da shi, ba biyayya ba ce. Wai mutumin da ya tuƙa mota mai tayoyi goma sha wani abu, keke mai taya huɗu zai gagare shi? Ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna, gwiwoyi har ƙirji. Ya tura da hannun dama, keke ya juya ya dawo da shi inda ya taso. Ya sake turawa, ya sake kewayawa. Na yi dariya har da riƙe ciki, Allah ya yafe mini. Da ya gane dabarar jan ƙafa ya isa matakala, nan ya tsaya cak. Ni da magini da Injiniya muka ɗaga shi, muna nishi. A ƙofar falo tayoyin suka maƙale a jikin katako, sai da aka sauke shi aka naɗe keken aka shigar. Dokin ƙofar banɗaki ya tare shi. A kicin ya miƙa hannu, ko gindin kanta bai taɓo ba. Kafin ya kai ɗakin kwana ya yi gumi sharkaf, ya daina yi wa kowa tsawa.

A tsakiyar ɗakin ya tsaya yana waige-waige. Ya ce, "Ɗakin nan duhu gare shi haka? Ina tagar?"

Tagar tana nan inda ya sa ta, can sama da kansa. Daga inda yake zaune ba abin da ake gani sai bango da ɗan yankin sararin sama.

Na ce, "Yaya, a zaunen nan da kake, kusan tsayin Amarya ke nan a tsaye."

Ya juyo ya dube ni. Ya dubi 'yar kujerar da ke gindin tagar, wadda samanta ya yi sulɓi saboda taku. Ya ce, "Duk shekarun nan? Me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa mana. Ka yi dariya, ka sayo mata kujera."

Na so in haɗiye maganar bayan ta fita, don na ga yadda fuskarsa ta yi, tausayinsa ya kama ni. Sai ya ce da Injiniya, murya ƙasa-ƙasa, "'Yata, rushe shi duka."

Ta ce, "A'a, Baba. Gidanka lafiyayye ne, irin bangon nan yanzu sai an tona. Rushe gini mai ƙwari asara ce, ga ƙura, ga tarin ɓaraguzai da ba inda za a kai su, kuma ba za a gama sabo kafin a sallami Umma ba. Gidan ba rushewa yake so ba, sunkuyowa zai yi."

Ta bi ɗaki-ɗaki da alli tana zana a jikin bango. A sauko da tagar ɗakin kwana zuwa inda mai zaune zai ga tsakar gida, a buɗe wata ƙarama a bangon da ke fuskantarta don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A faɗaɗa ƙofa uku kawai, waɗanda Amarya za ta bi. A fasa dokin ƙofar banɗaki, ƙyauren ya riƙa buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare shi. Tayil mai sheƙi ta ce ko kyauta aka ba shi kada ya karɓa, da ruwa ya zuba ya zama tarko, a sa mai kaushi. Na'urar sanyi kuma ta ce ranar da aka ɗauke wuta fa? Mangwaron da ya so sarewa shi yake tare zafin yamma daga bangon ɗakin, a bar shi ya yi aikinsa, a gyara silin inda ya huje. Bulon da za a cire daga tagogi da ƙofofi, da shi za a cike gangaren da zai maye gurbin matakala, tsofaffin ƙyamaren kuma kafinta ya mayar da su kanta ta ƙasa a kicin. Ba abin da za a zubar.

A kan gangaren nan ne na ga sun zama abokai. Magini ya so ya yi shi gajere don kada ya ci wuri. Kafin Injiniya ta buɗe baki Dogo ya ce, "Kai, ka taɓa hawa tudu da lodi? Miƙe shi ya yi tsawo, ya kwanta. Kuma ka bar fili a sama inda za a tsaya a huta, ba a yin kwana a kan gangara." Injiniya ta ce ita ma abin da ta zana ke nan, ta nuna masa. Ya ce ashe makarantar tasu ba wasa ake yi ba.

Keken aron nan kuwa bai koma ba sai da aka gama aiki, don Dogo ya ƙi sauka daga kansa. Da shi yake bin ma'aikata, hannu ɗaya a aljihu. Duk abin da aka kafa sai ya je ya taɓa daga zaune, ya rage tsawon hannunsa daidai alamar da Injiniya ta yi masa da alli a hannun riga, iyakar inda na Amarya yake kaiwa. Maƙwabta suka hango shi a keke, labari ya bazu cewa shi ma ciwon ya kama shi. Aka fara sallama ana yi masa sannu, wata tsohuwa har da hawaye. Ya miƙe tsaye zai yi mata bayani, ta kusa sumewa.

A haka ya kama kuskuren da ya wuce mu duka. Mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a hannun dama in kana shiga, kowa ya duba ya ce daidai. Dogo ya shiga da keke, ya juya zai zauna, sai ga ƙarfe ya koma hagunsa, wajen hannun da ba ya aiki. Ya ƙwala kira tun daga ciki. Injiniya ta zo ta gwada da kanta, ta ce Baba ya yi gaskiya, a zanenta ɗaya bangon ne, amma da ta zo dubawa ita ma daga bakin ƙofa ta tsaya. Aka cire aka mayar. Ya yi kwanaki yana ba kowa labari, har mai kawo yashi bai tsira ba.

Duk wannan Nas ba ta ce ta yarda ba. In na kira ta na ba ta labarin aiki, sai ta ce, "To, Gwaggo, Allah ya taimaka," irin amsar da ake ba yaro. Ranar sallama ta zo da motarta, ta kwashe kayan uwarta na asibiti ta zuba a but ɗin motar, ta ce za su biya ta gida Umma ta ga wuri ta ɗauki wasu tufafi, sannan su kama hanya tun rana ba ta yi ba.

Dogo yana tsaye a bakin gangare, ya sa rigarsa mai kyau. Ya kama keken ya tura matarsa sama a hankali, ya tsaya a filin hutawa, ya shigar da ita falo ba tare da taya ta taɓa katako ba. Daga nan ta ɗaga hannu ta ce ya sake ta. Ta tura, ta ja da ƙafa, ta shiga ɗaki ta fito, ta leƙa kicin ta buɗe famfo ta rufe, ta jawo butar shayi daga sabuwar kanta ta mayar. Nas tana biye da ita fuska a murtuke, tana jijjiga kowane ƙarfe, tana goga takalmi a ƙasa ko za ta ji santsi. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba.

Sai Amarya ta juya keken ta nufi banɗaki. Nas ta yi wuf za ta bi ta.

"Tsaya nan," in ji Amarya, da harshenta mai nauyi. Ta shiga ta jawo ƙyaure.

Muka yi cirko-cirko a tsakar gida, ni da Dogo da Nas da Injiniya, manya da mu, muna kallon ƙofar banɗaki. Aka ji ƙarar keke, aka ji ƙarfe ya ɗan yi ƙara alamar an dafa shi da ƙarfi, sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Nas ta ɗaga ƙafa, ubanta ya riƙe mata hannu, ita kuma ba ta fizge ba. Ni dai duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. Can sai muka ji zubar ruwa. Ƙyaure ya buɗe, ga Amarya a kan kekenta, ɗankwali ya ɗan karkace, tana haki, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ku kuma lafiya? Ba ku da aikin yi ne?"

Wayyo, ajiyar zuciyar da na yi! Injiniya ta juya baya tana dariya tana share ido. Nas ta durƙusa ta gyara wa uwarta ɗankwali, ta daɗe tana gyara abin da ya riga ya gyaru. Da ta miƙe, sai ta fara jero sharuɗɗa: magani safe da yamma ba fashi, ranakun gashi ba fashi, Gwaggo ta riƙa leƙowa kullum, a samo mai taya aiki da rana, kuma duk abin da ya faru a kira ta nan take. Dogo yana ta cewa to, to, mutumin da ban taɓa jin ya ce to sau biyu a jere ba. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro makullin mota ta miƙa masa.

"Baba, a shigo da kayan Umma."

Ya karɓa ya fita da sauri. Muka jira, shiru bai dawo ba, na bi shi. Na same shi tsaye a bayan motar, ya ba gida baya, but a rufe, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Yaya, ana jiran kaya fa."

Bai juyo ba. Ya miƙo mini makullin ta gefe ya ce, "Auta, buɗe mini."